In akwati ya yi giɓi, a binciki na'ura kafin a kira jandarma

A zamanin littafin ciniki, in yamma ta yi aka ƙirga kuɗi aka tarar da giɓi, maigida da yaronsa sukan zauna su buɗe littafi su bi shi layi layi, har a iske inda aka rubuta bakwai maimakon ɗaya, ko inda aka manta da bashin da wani ya biya da hantsi. Littafi ba ya ɓoye kome: ga rubutu, ga hannun wanda ya yi shi, ga wurin da aka kankare. Yanzu kuwa, daga manyan shagunan Maraɗi da Damagaram zuwa gidajen aika kuɗi, kantunan magani da ofisoshin duwan da na haraji, lissafi ya koma cikin kwamfuta, kuma abin da ta nuna a allo shi ake ɗauka yankan wuƙa. In ta ce jika 80 sun ɓata, ba a tambayar ta wace hanya ta bi ta kai ga wannan adadi, sai a juya a dubi wanda ke zaune gaban akwati. Albashinsa za a yanka, in abin ya yi yawa kuma a kira jandarma.

Alhali kuwa kwamfuta ba ta san lissafi don kanta ba. Umurni take bi, wanda wani ɗan Adam ya zauna ya rubuta, shi ne ake kira manhaja, ko lojisiyel a bakin ma'aikatan ofis. Mai rubuta manhaja yana mantuwa, yana gaggawa, kuma akwai halin da bai taɓa zato zai auku ba balle ya yi masa tanadi. Bambancinsa da malamin littafi ɗaya ne: kuskuren malami yakan tsaya a shafi guda, nasa kuwa na'ura za ta maimaita shi da aminci sau dubu, a kowane reshe, ba tare da ta nuna alamar damuwa ba.

Wanda yake ganin wannan magana ta masu neman wanke ɓarayi ce, sai ya dubi abin da ya faru a Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara girka wata manhaja mai suna Horizon a rassanta, aikin kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na Japan. Masu riƙe da yawancin rassan ƙananan ƴan kasuwa ne, masu kanti a ƙauye ko a unguwa, waɗanda suka ɗauki wakilcin gidan waya a wani gefe na shagonsu, kamar dai yadda mai shago a Tasawa ko Madawa yake ɗaukar wakilcin gidan aika kuɗi. Yarjejeniyar da suka sa wa hannu, yadda hukumar ta fassara ta, ta ɗora musu biyan duk giɓin da ya bayyana. Ba a jima ba giɓi ya fara bayyana, wani na ɗaruruwan fam, wani na dubbai. Da yawa daga waɗanda suka buga waya suka kai kuka an ce musu su kaɗai ke da wannan matsala, na'ura lafiyarta lau. Waɗansu suka cike giɓin daga aljihunsu, suka ci bashi, suka rasa gida. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 gaban shari'a bisa zargin sata, zamba ko ƙaryar lissafi, kuma wajen 700 daga cikinsu hukumar ce da kanta ta shigar da ƙarar, watau ita ce mai kuka, ita ce mai bincike, ita ce kuma mai gabatar da tuhuma. A 2010 aka yanke wa Seema Misra ɗaurin wata 15 tana da juna biyu, a kan giɓin fam dubu 74. Lee Castleton kuwa ya ƙi biyan fam dubu 25 da ɗoriya da aka ce sun ɓata a reshensa, hukumar ta kai shi kotu, ya faɗi a 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam dubu 321, ya talauce.

Sai da wani tsohon mai riƙe da reshe, Alan Bates, ya yi shekaru yana tattara waɗanda abin ya shafa, har mutum 555 suka haɗu suka shigar da ƙara, sa'an nan gaskiya ta fito. A watan Disamba na 2019 alƙali Peter Fraser ya tabbatar da cewa manhajar tana ɗauke da aibobi masu iya haifar da giɓin ƙarya, da cewa ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su taɓa shi ba da sanin mai reshen ba, abin da aka yi shekaru ana musantawa. Ashe ma akwai rajistar kurakuran da aka sani, wadda ba a nuna wa waɗanda ake tuhuma ba. A watan Afrilu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya, a watan Mayu na 2024 kuma majalisar dokoki ta yi doka ta musamman ta wanke ɗaruruwa. Waɗansu sun riga mu gidan gaskiya kafin a wanke su. Abin da ya ƙara ɗaure waɗannan bayin Allah shi ne, tun shekarar 2000 kotunan Ingila suka koma ɗaukar cewa kwamfuta tana aiki daidai sai in wanda ake tuhuma ya kawo shaidar akasin haka. To ina mai kanti zai samo wannan shaida, alhali bayanan duka suna hannun mai tuhumarsa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, aka ce, shafa wa naka ruwa.

Ɗaya daga cikin aibobin ya cancanci a tsaya a kansa, domin irinsa yana iya aukuwa a kowane shago. An sa masa sunan Dalmellington, wani ƙaramin gari a Sikotilan, inda a 2015 wata mai reshe ta ɗauki fam dubu 8 daga babban reshenta ta kai wani ƙaramin wurin da take buɗewa. Da ta zo tabbatar wa na'ura cewa kuɗin sun iso, sai allo ya tsaya kamar bai ji ba. Ta sake danna maɓalli, ta kuma dannawa. A fuska babu abin da ya motsa, amma a ciki kowace dannawa an rubuta ta a matsayin sabon karɓar kuɗi, har sau huɗu, watau fam dubu 32. Da aka zo ƙirga, na'ura ta nemi fam dubu 24 waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba. Da Fujitsu suka bincika, sai suka iske irin wannan ya auku sau 112 a rassa 88 cikin shekara biyar da suka gabata.

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a gidan aika kuɗi ranar da rezo ke wasa ya san wannan hali. Manhajar da ke aiki ta intanet kashi biyu ce: akwai shafin da ma'aikaci ke gani gabansa, akwai babbar na'ura a Yamai ko a wata ƙasa inda ake ajiye lissafi na haƙiƙa. In ya danna, saƙo ya tafi, babbar na'ura ta rubuta, sa'an nan ta aiko da amsa. Rezo yana iya yankewa kafin saƙon ya isa, yana kuma iya yankewa bayan ya isa, amsar ce kawai ta ɓata a hanya. Ma'aikaci kuwa abu ɗaya yake gani a duka biyun, allo da ya yi shiru. In ya sake dannawa a hali na biyu, an rubuta aikin sau biyu. Mai manhaja ɗan koyo yakan kashe maɓallin bayan dannawar farko ya ce ya gama, amma wannan ba ya hana mutum ya sabunta shafi ya sake shigar da aikin. Gyara na gaskiya shi ne kowane aiki ya tashi da lamba tasa ta daban tun daga shafin ma'aikaci, babbar na'ura kuma in ta ga lambar da ta riga ta karɓa ta ƙi sake rubutawa, ta maido da amsar farko kawai. Ɗan kasuwa bai buƙatar sanin yadda ake rubuta wannan, amma yana iya gwadawa ranar da aka kawo masa manhaja: a shigar da cinikin gwaji, a zare wayar rezo ana tsakar aikawa, a maida, a sake dannawa, sa'an nan a duba sau nawa aka rubuta.

Ɗan'uwan wannan aibi shi ne na ɗaukewar wuta. Sayar da buhun shinkafa ɗaya a idon mai shago aiki ɗaya ne, a wurin na'ura kuwa aƙalla biyu ne: a rage buhu daga sito, a ƙara kuɗinsa a akwati. In kuran ya ɗauke tsakanin biyun, sai a wayi gari kaya sun fita kuɗi ba su shiga ba, ko an rubuta kuɗi buhu yana nan a lissafi. Ma'ajiyar bayanai ta kirki tana da hanyar ɗaure matakan nan wuri ɗaya, ko dai duka su tabbata ko duka su warware, amma sai in mai manhaja ya yi aiki da ita. Akwatin batir da ake kira ondiler yana rage haɗarin, ba ya kawar da shi.

Idan giɓi ya riga ya auku, mai manhaja da ya san aikinsa ba ya fara da taɓa kome. Kamar mai bin sawu yake, wanda ya san in jama'a suka tattaka wurin an gama. Da farko yakan kwafi bayanan gaba ɗaya ya yi aiki a kan kwafin, domin gyara a kan lissafin da ake ciniki da shi yakan shafe shaidar da ake nema. Sa'an nan ya nemi ya sa kuskuren ya sake aukuwa a gabansa, don kuwa aibin da ba a iya maimaita shi ba, ba a iya tabbatar da an gyara shi. A nan ne yake buƙatar ma'aikaci. Kalmar "ba ta aiki" ba ta amfana masa kome. Abin da yake so shi ne wace rana, ƙarfe nawa, a kan wace na'ura, me aka danna, me ta rubuta. Mafi yawan mutane in ƙaramin akwatin gargaɗi ya fito a allo sai su rufe shi da sauri kamar wanda ya ga maciji, alhali rubutun da ke ciki sau da yawa shi ne ke faɗin sunan cutar har da layin da take. Hoto ɗaya da wayar hannu ya isa. Tambaya ta gaba ita ce me ya canja tsakanin ranar da abu ke tafiya daidai da ranar da ya lalace: an sabunta manhaja, an sauya na'ura, an kawo sabon ma'aikaci, ko an shiga sabuwar shekara? In babu amsa, sai a raba: a duba ko lissafi ya daidaita a tsakiyar wata, in ya daidaita kuskuren yana rabi na biyu, a sake raba wannan rabin. Ciniki dubu, rabawa goma ta isa a tsaya kan guda ɗaya. In an zo gyara kuma abu ɗaya ake canjawa a gwada, domin wanda ya taɓa abu uku lokaci guda, ko ciwon ya warke bai san wane magani ya yi aiki ba.

Adadin giɓin kansa yakan yi magana, kuma wannan ilimi ne da tsofaffin masu lissafi suka riƙe tun kafin zuwan kwamfuta. Giɓin da ya yi daidai da kuɗin wani ciniki na ranar, ko ninkinsa biyu ko uku, alama ce ta maimaitawa irin ta Dalmellington, ko an rubuta shiga a gurbin fita. Giɓin da ke rabuwa da 9 ba saura yakan nuna an juya lambobi, an buga 4500 maimakon 5400, bambanci 900. Giɓin tamma ɗaya ko biyu da ke ƙaruwa kullum ba aikin ɓarawo ba ne, aikin cike lamba ne. Wanda ya ninka ko ya ragu sau dubu cif kuwa, a nemi waƙafi.

Maganar waƙafi ta fi shafar ƴan kasuwar bakin iyaka. A Nijar ana bin tsarin Faransa, inda waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, dubbai kuma a raba su da fili ko ɗigo. A Najeriya tsarin Ingila ake bi, wanda yake akasin haka. Saboda haka in abokin ciniki a Kano ya aiko da jerin farashi ya rubuta katon ɗaya 12,500, yana nufin naira dubu goma sha biyu da ɗari biyar, amma Excel da aka saita da Faransanci zai karanta sha biyu da rabi. In kuma aka buga masa 7.5 da ɗigo, sai ya ɗauke shi rubutu ba lamba ba, kuma lokacin tarawa ya tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba. Mai lura zai gane, domin lamba tana jingina dama a cikin gidanta, rubutu kuwa hagu. A shafukan intanet ma haka abin yake: akwai wani umurni na harshen JavaScript da masu manhaja ke yawan amfani da shi wajen karanta lamba, wanda in aka ba shi 12,5 sai ya ɗauki 12 ya yar da sauran, in aka ba shi 1 250 da fili a tsakani sai ya ɗauki 1. Bai yi ƙorafi ba, bai tsaya ba, kuma irin wannan kuskure mai shiru ya fi wanda ke tsayar da na'ura haɗari nesa ba kusa ba.

Cike lamba kuwa ga yadda yake. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne, kuma sefa ba a biyan ɓarinta. A ɗauki kaya uku, kowane tamma 125. Harajin kowane 23 ne da kashi uku cikin huɗu. In manhaja ta cike kowane layi zuwa 24 ta tara, an sami 72. In kuwa ta tara kayan tukuna, 375, ta fitar da haraji, 71 da kwata ne, a cike ya zama 71. Duka hanyoyin biyu lissafi ne, amma in ɓangaren da ke buga faktir yana bin ɗaya, ɓangaren da ke haɗa rahoton wata yana bin ɗayar, to har abada ba za su daidaita ba, kuma wani zai sha tambaya a kan kuɗin da babu wanda ya ɗauka. Daɗin daɗawa, na'ura tana riƙe ɓarin lamba da tsarin biyu biyu, wanda ba ya iya ɗaukar kashi ɗaya cikin goma cif, shi ya sa ƙwararru ba su ajiye kuɗi da irin wannan lamba, sai da cikakkiya. Wanda ya raina tamma ɗaya ya tuna da kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada. A farkon 1982 ta buɗe sabon ma'auninta a kan 1000, manhajar kuwa tana datse wutsiyar lamba maimakon ta cike, dubban sau a kowace rana. Zuwa watan Nuwamba na 1983 ma'aunin ya sauko ƙasa da 525, alhali kasuwa ba faɗuwa take ba. Da aka sake lissafi daidai sai ga shi 1098 da ɗoriya.

Excel, wanda shi ne jakin ofisoshi, yana da waɗansu halaye nasa. Yana cire sifirin farko, saboda haka lambar wayar Najeriya ko lambar asusun banki da ta fara da sifiri sai ta gurgunce in ba a gaya masa rubutu ba ce. Ba ya riƙe lambobi fiye da 15, abin da ya wuce haka yakan maida shi sifiri. Kwanan wata kuma 03/04 a nan 3 ga Afrilu ne, a na'urar da aka saita da tsarin Amurka 4 ga Maris. Mugun abin shi ne ranakun 1 zuwa 12 kaɗai ke juyewa, na 13 zuwa sama su tsaya yadda suke, har mai dubawa ya ga yawancin layuka daidai ya saki jiki. Tsohon tsarin fayil ɗinsa kuma layi 65,536 kawai yake ɗauka, abin da ya sa a 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta zubar da sunayen mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da cutar korona, kwanaki ba a bi sawun waɗanda suka yi hulɗa da su ba.

Ma'aikatan da ke riƙe da rajistar mutane, na albashi, na makaranta ko na asibiti, matsalarsu sunaye ce. Manhajar da ke karɓar Ali da Musa lafiya, amma ta faɗi da zarar an buga Sa'idu, Ma'azu ko A'isha, ta tona asirin kanta. A harshen da ake magana da ma'ajiyar bayanai, alamar hamzar nan ita ce ke rufe zance, saboda haka na'ura takan ɗauka sunan ya ƙare a Sa, ragowar kuma umurni ne. Waɗansu masu gyara sukan ce wa ma'aikaci ya daina sa alamar, shi ke nan. Wannan rufe ciwo ne da tsumma, domin ƙofar da hamza ta shiga ta ita ce mai mugun nufi zai bi ya aika wa ma'ajiyar umurnin kansa, ya karanta ko ya goge abin da ya ga dama. Gyaran da ya dace shi ne manhaja ta riƙa miƙa suna dabam, umurni dabam. Haka nan haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, tsohon tsarin Windows na ƙasashen yammacin Turai bai san su ba, shi ya sa sukan koma alamar tambaya, wasulan Faransanci masu alama a ka kuma su rikiɗe su zama haruffa biyu marasa ma'ana. Tsarin Unicode ya tanadi waɗannan haruffa tun 1991, amma sai shafi da manhaja da ma'ajiya duka sun yarda da tsari ɗaya, watau UTF-8. In ɗaya ya saɓa, a nan rubutu ke lalacewa. Mafi haɗari kuwa ita ce manhajar da ke gane mutum da sunansa da ranar haihuwarsa. A ƙasar da dubban mutane ke riƙe da takardar kotu mai cewa an haife su wajajen shekara kaza, aka kuma sa musu 1 ga Janairu don a cike gurbi, samun mutum biyu masu suna ɗaya da rana ɗaya ba abin mamaki ba ne. Sai a haɗe su a zama mutum ɗaya, ko kuma mutum ɗaya ya zama biyu domin an rubuta sunansa da tsarin Faransanci a wani ofis, da na Hausa a wani. Albashi ko fansho na iya tsayawa wata da watanni a kan wannan.

Duk wannan ba ya nufin cewa babu mai hannu a akwati. Akwai, kuma tun da aka ji cewa na'ura tana kuskure, wani zai fake da ita. Abin da ke raba mai gaskiya da maƙaryaci shi ne kundin aiki, watau rajistar da manhaja ke rubutawa da kanta: wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya ƙara, me ya soke, me ke wurin kafin ya taɓa. Wannan kundi shi ne ya maye gurbin wurin da aka kankare a littafin da. Manhajar da ke barin a goge ciniki ba tare da ya bar sawu ba, ba ta dace da riƙon kuɗi ba ko da kyauta aka bayar da ita. Kamata ya yi kuskure a warware shi da sabon layi mai sunan wanda ya warware, tsohon kuma ya tsaya ana ganinsa. Dole ne kuma kundin ya ƙunshi mai manhajar kansa in ya shiga daga nesa, domin nan ne aka cuci mutanen Horizon.

Alhazai da shugabannin ofisoshi da yawa suna sayen manhaja kamar yadda ake sayen firji, a biya a ɗauka. Sau da yawa wani matashi ne ya rubuta ta shi kaɗai, bayan shekara biyu ya sami aiki a Yamai ko Abijan, ya tafi da asalin rubutun a cikin na'urarsa, aka bar mai shago da abin da babu mai iya buɗewa. Tun ranar ciniki ya kamata a rubuta a takarda wa ke da asalin rubutun da inda aka ajiye kwafinsa, cikin kwana nawa za a amsa kira, da cewa duk aibin da aka gano a wurin wani abokin ciniki za a sanar da sauran. A kuma riƙa ɗaukar kwafin bayanai ana ajiyewa a wani wuri dabam, ana gwada maido da shi lokaci lokaci, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba sai ranar buƙata ake sanin fanko ne. Ma'aikacin akwati shi ma yana da abin da zai kare kansa da shi: ya ƙirga kuɗi da takarda a farkon aiki da ƙarshensa, mutum biyu su sa hannu, ya kuma rubuta lokacin duk da allo ya tsaya ko rezo ya yanke.

Abu biyu ne ke ɓata kundin aiki ko da manhajar ta kirki ce. Na farko kalmar sirri guda ɗaya da aka manna a jikin allo, kowa na shiga da ita, daga shugaba har ɗan koyo, ta yadda ranar bincike kundin zai nuna suna ɗaya a kan kome. Na biyu agogon na'ura. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo wanda ke riƙe da lokaci in an kashe wuta. In ya mutu, kullum da safe na'ura takan tashi da kwanan wata na shekarun baya, shafukan banki su ƙi buɗewa suna cewa takardar shaidarsu ba ta inganta ba, cinikin yau kuma ya shige cikin wata shekara inda rahoton wata ba zai gan shi ba. Ana samun batirin a wurin masu gyaran agogo, kuma sauya shi bai kai minti biyar ba.